Launin Da Na Je Ɗaukowa Kaduna

Tun da na dawo daga Kaduna ba a bar ni na huta ba. A ofishin malamai tambaya, a gidan suna tambaya, har mai kayan miyan ƙofar gidanmu sai da ya tsayar da ni ya ce, "Malama, an ce kin je karatun kwamfuta, ya hanya?" Kowa nakan ce masa lafiya lau, mun gode Allah. To na gaji da wannan amsa, domin rabinta ne kawai gaskiya. Ga labarin nan na rubuta shi sau ɗaya, wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ni ce mai koyar da Kemistiri a wata sakandare a cikin garin Birnin Gwari. Muna da ɗakin gwaje-gwaje, amma suna kawai ya rage masa. Lokacin da mutanen ƙauyuka suka gudo cikin gari, a nan aka sauke wasu iyalai. Kwalabe suka farfashe, bencina suka shiga murhu. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, in ni ce da 'ya'ya suna kukan yunwa abin da zan yi ke nan. Sai dai jarrabawar fita sakandare ba ta san wannan uzuri ba. Akwai ɓangaren da ake cewa furaktikal, inda za a ajiye wa yaro bututun gilashi mai ma'auni da ake kira buret, ya riƙa ɗiga asid cikin wani ruwa a kwalba, ɗigo bayan ɗigo, har launin ruwan ya juya, ya rufe famfo nan take ya rubuta awon. Kayan nan aro muke yi daga wata makaranta, kuma da safen jarrabawa suke isowa. Ranar da yaro zai fara taɓa buret ita ce ranar da za a ba shi maki a kai.

Abin da nake yi duk shekara shi ne in jiƙa zoɓo a kofin gilashi, in zuba masa ruwan kanwa ya yi duhu, in matsa lemon tsami ya koma ja. Yara su yi tafi. Amma canjin da ake nema a jarrabawa ba haka yake da ƙarfi ba. Ɗan juyi ne daga ruwan ɗorawa zuwa ja-ja, ɗigo ɗaya ke kawo shi, ɗigo biyu ya wuce.

A nan Talatu ta faɗi bara. Talatu 'yar ƙauyen Damari ce, ita da uwarta suna cikin waɗanda suka dawo gari da zama. Makarantar koyon aikin jinya take so, kuma duk darussan da ake nema ta ci, ban da nawa. Da na tambaye ta abin da ya faru a furaktikal sai ta ce, "Malama, ina ta jira ya canza irin na zoɓo, har kwalbar ta cika." Bana ta dawo ta sake zama aji, ta fi kowa tsawo, tana zaune a baya. Uwarta kuwa ƙosai take soyawa a ƙofar makaranta, kuma ta faɗa mini da bakinta cewa ba za ta iya biya mata karo na uku ba.

Shi ya sa da shugaban makaranta ya ce wata ƙungiya ta gayyaci malaman kimiyya bita a Kaduna, za a nuna musu darussan da ke intanet kyauta, har da bidiyon gwaje-gwaje, kuma duk mazan ofis suka sunkuyar da kai suna duba takalmansu, ni na ɗaga hannu. Maigidana bai so ba. Na bi shi da magana har ya gaji, ya ce, "Sau ɗaya ne, Hajara. Kin je kin dawo, kada ki sake kawo mini zancen hanyar nan." Na ce na ji. Na shiga aji na yi wa yara alkawari da babbar murya, na ce kafin jarrabawa kowannenku zai ga launin nan da idonsa.

Wanda ba ɗan nan ba ne bai san shirin tafiya Kaduna ba. Ba daga jaka ake farawa ba, daga waya ake farawa. Muna ce masa wankin waya. Za ka goge duk saƙon banki, da hoton da ka ɗauka ranar biki cikin leshi, da hoton gida mai fenti ko da na maƙwabci ne. Za ka canza wa mutane suna: ƙanena da ke aikin ɗan sanda ya koma Mai Gawayi, shugaban makarantarmu ya koma Baba Mai Faci, Allah ya sa kada ya karanta wannan. Dalili kuwa, in mutanen daji suka tare mota, waya suke fara dubawa, ita ke gaya musu kai wane ne da abin da danginka za su iya fitarwa. Na sa hijabin da nake wanke-wanke da shi, da silifas ɗin banɗaki, na haddace cewa daddawa nake kaiwa kasuwa. Maman Talatu ta tare ni a tasha da ƙosai mai zafi a leda. Ta ce, "Malama, ki kawo mana abin nan. Yarinyar nan ba ta barci." Na ce in Allah ya yarda.

Motoci ba sa tashi sai ranar da sojoji za su yi rakiya, kuma a jere ake tafiya. Na samu wuri a motar wani direba da ake kira Malam Audu, mutum mai ƙarancin magana. Kusa da ni wani manomi ne cikin yagaggiyar riga, har da fartanya tsakanin ƙafafunsa. Sai da muka fita daga gari na kalle shi da kyau, na ga ai Malam Ishaya ne, wanda ke wanke ciwo a asibiti, wanda ya ɗinke wa ɗana goshi da ya faɗo daga bishiyar mangwaro.

Na ce, "Malam Ishaya, yaushe ka koma gona?"

Ya ce, "Malama, rufa mini asiri. Ke ma ai na ji warin daddawarki."

Muka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ya nuna mini tafin hannunsa, ya goga masa baƙin mai da ƙasa, don har hannu suke dubawa su ga ko yana da laushi. Daga nan dariyar ta ƙare, domin ya ba ni labarin wani abokin aikinsa da aka ɗauka a hanyar nan. Sun ga hotonsa a waya sanye da farar riga yana riƙe da kwalbar magani. Waɗanda aka ɗauka tare da shi duk an sako su bayan an biya. Shi kuwa suka ce ba kuɗi suke so ba, likita suke so. Har ranar da muke maganar bai dawo ba.

Ba zan ba ku labarin daji ba, don ban kalle shi ba. Ƙeyar Malam Audu na kalla, da ramukan titi, da bayan motar da ke gabanmu. Ba mai magana, ba mai cin abinci, ƙosan Maman Talatu ya huce a cinyata. A wani shinge aka sauke mu duka, muka wuce a ƙasa hannuwa a sama, kamar masu shiga wata ƙasa, motar ta biyo mu a hankali. Wani soja ya tambaye ni ina daddawar da na ce ina sayarwa. Na ce ta ƙare, kuɗin zan je karɓa. Ya dube ni, ya dubi silifas ɗina, ya ce, "Malama, wuce." Har yau ban san inda ya gane ba. Sai da muka wuce Buruku mutane suka fara numfashi, wani ya kunna rediyo, wata ta ɓare gyaɗa, muka ci ƙosai mai sanyi ni da Malam Ishaya kamar ba mu taɓa cin abinci ba.

A Tudun Wada na sauka, gidan Goggo Asabe, ƙanwar mahaifina. Ta gan ni cikin wannan shiga ta riƙe baki ta ce, "Hajara, mijin naki ya talauce ne?" Ta tuƙa mini tuwon shinkafa da miyar taushe, ta zauna a kaina sai na cinye, tana ta faɗa wai mu tattaro mu dawo Kaduna. Ban amsa ba, don in na ce mata wa zai koyar da yaran sai ta ce in bar su da iyayensu. Abin da ya ba ta haushi shi ne yadda nake ajiye takalmina a gefen katifa da hijabi a kusa da kaina, kuma da maƙwabci ya buga ƙofar ƙarfe da asuba sai ta tarar da ni tsaye a tsakar gida. Ta ce, "Nan ba garinku ba ne, koma ki kwanta." Na koma, amma ban kwanta ba.

Bitar a zauren wani otal aka yi ta, mai sanyin da sai da na roƙi a rage. Tun daga ƙofa na ga abin mamaki. Wata yarinya ta rubuta sunana da aikina da garina da manyan baƙaƙe a kati, ta rataya mini a wuya. Ni da na kwana biyu ina ɓoye ko ni wace ce, ga shi an manna mini a ƙirji. Mutanen can suna ajiye waya a kan tebur su tafi banɗaki. Suna zama su ba ƙofa baya. In wani ya ba da amsa daidai, ana yi masa wani irin tafi mai ƙidaya, a ƙare da hura masa iska, manya da furfurarsu. Aka raba mana fararen riguna irin na ɗakin gwaji, aka jera mu aka ɗauki hoto, kowa yana murna. Ni ina cikin rigar ina tuna abokin Malam Ishaya. Da yamma na ba Goggo ita, ta ce za ta riƙa sawa in tana suya.

Amma kada in ci amanar gaskiya, abin da aka nuna mana ya yi kyau, kyau mai sa baƙin ciki. Mai koyar da mu wata matashiya ce, Malama Safiya, mai saurin magana da saurin hannu. Ta buɗe wani shafi a majigi, sai ga ɗakin gwaji cikakke a kan allo, kana jan kwalba da yatsa, ka zuba, ka dumama, in ka yi kuskure ya fashe ba wanda ya ji ciwo. Ta nuna mana bidiyon yadda ƙarfe ke tsatsa da abin da ke hana shi, yadda ake narka yashi ya zama gilashi, dalilin da yumɓu ke tauri in ya sha wuta, da abin da ya sa tukunyar alminiyam ba ta da nauyi. Akwai wani a kan ruwan zaiba da ake kama zinariya da shi, da yadda hayaƙinsa ke lalata ƙwaƙwalwa. Na tuna yarana maza da suka bar aji suka tafi ramin haƙar zinariya, suna murza shi da hannu, na ce wannan ma sai na kai.

Sannan ta kunna wanda na zo dominsa. Hannu ne kawai ake gani da buret da kwalba, an matso da hoton kusa. Ɗigo ya sauka, ja ya bayyana ya ɓace. Wani ya sauka, ya ɗan daɗe ya ɓace. Sai ɗigo ɗaya ya sauka, ruwan ya juya ya tsaya a haka, hannun ya rufe famfo. Aka maimaita a hankali. Shekarun da na yi ina kwatanta wannan da baki da alli, ga shi an gama shi kafin shayi ya huce. Idona ya cika da hawaye, na ce sanyin na'ura ne.

Na ɗaga hannu na ce, "Malama, to inda babu sabis fa?"

Ta ce, "Ai yanzu ko'ina akwai sabis, Anti. Ko a waya ƙarama zai buɗe."

Na ce, "A wurinmu an lalata turakun sabis da ke kewaye. Wanda ya rage, sai ka hau tudu yake kawo saƙo, shi ma in ya ga dama."

Ta matso ta karanta katin wuyana. Mutanen zauren suka juyo suna kallona kamar wadda aka zo yi wa gaisuwar mutuwa. Wani malami mai tumbi daga Zariya ya ce, "Ikon Allah, ashe har yanzu ana makaranta a can?" Na ce masa a'a, kiwon kadoji muke yi, Kemistirin na kawo musu. Aka yi dariya, shi ma ya yi, ni kuwa raina ya ɓaci har yamma.

Ɗakin gwajin da ake ja da yatsa ba ya aiki sai da sabis, wannan na cire rai da shi tun a nan. Bidiyo kuwa ana iya sauke shi a waya. Sai dai intanet ɗin otal ɗin kowa ya hau kansa, wasu ƙwallo suke kallo a ƙarƙashin tebur, abin yana tafiya kamar jaki da kaya. Na daina fita cin abinci, don lokacin ne zauren ke yin sauƙi. Ban yi asara mai yawa ba, abincin nasu shinkafa ce mai launi da ɗanyen ganye da aka zuba wa wani farin abu mai zaƙi, ba yaji ba daddawa. Ranar ƙarshe Malama Safiya ta lura da ni. Ta zo ta zauna, ta buɗe mini datar wayarta, muka sauke na ɗigon nan da na tsatsa da na gilashi da na zaiba da wasu da yawa, har wayata ta ce ta cika. Yarinyar kirki ce, Allah ya saka mata. Na ce ina tsoron kada su ɓata, ga wayata ba ta da gurbin memori, ta Goggo kuma mai madannai ce. Ta ce, "Kada ki damu, Anti. Ko sun goge suna nan a intanet, sai ki sake saukewa."

Ranar komawa na tarar da Malam Audu a tashar Mando, da Malam Ishaya da fartanyarsa, don duk wanda ya zo da rakiya da ita yake komawa. Kowa ya duƙufa kan wayarsa ana wanki. Na goge hoton fararen riguna, na yaga katin wuya, Malama Safiya ta koma Mai Awara. Bidiyo kuwa na bar su. Daɗi ya ɗebe ni har na kunna wa Malam Ishaya na ɗigon, ina cewa ya duba yadda yake juyawa. Bai dubi launin ba. Farin hannun riga ya duba, da safar hannu, da kwalbar.

Ya ce, "Malama, da wannan za ki shiga daji?"

Na ce, "Saboda shi na fito."

Ya ce, "In soja ya gani zai ce bam kike koyon haɗawa. In waɗancan suka gani za su ce ke likita ce. Wanne za ki yi wa bayani?"

Na ce zan cusa ta ƙarƙashin kujera. Ya ce suna zazzage mota, in suka sami waya ba mai ita, dukan kowa suke yi har sai an nuna. Na ce Allah zai tsare. Ya ce amin, bai ƙara ba, amma na ga ya gaya wa Malam Audu wani abu a kunne.

Mun wuce Buruku, mun wuce shinge ba a duba waya ba, mun wuce Udawa. Na fara lissafin yadda zan tsara yara a aji. Muna cikin wurin da titi ya fi lalacewa, rana ta take, sai muka ji wata ƙara mai ƙarfi a gaba, sai harbi ya biyo baya, a jere. Motocin gabanmu suka tsaya cak, wasu suna ƙoƙarin juyawa ba wuri, na baya sun toshe. Malam Audu ya kashe mota ya ce kowa ya sunkuya. Wata mata a baya ta toshe bakin jaririnta da nono tana salati. Wani dattijo yana kiran sunan Yesu a hankali.

Malam Ishaya ya ce, "Malama, kawo wayar."

Na ce, "A'a."

Malam Audu, ba tare da ya juyo ba, ya ce, "Malama, ki ba shi. Ba ke kaɗai ba ce a motar nan."

Matar nan ta baya ta ce, "Don girman Allah, baiwar Allah, ki ba shi."

Na ce bari in goge sauran in bar guda ɗaya, na ɗigon kawai. Na yi ta dannawa, na kasa ko buɗe wayar. Aka sake harbi, wannan karon kamar ya fi kusa. Malam Ishaya ya zare ta daga hannuna, ya kama yatsana ya dangwala ta buɗe. Bai tsaya goge ɗaya-ɗaya ba, ya san hanyar da ake mayar da waya kamar yau aka sayo ta, ya sha yi. Na ga allon ya yi baƙi, ya kawo haske, wani ɗan zare yana tafiya. Ya mayar mini da ita cikin tafin hannu ya rufe da nasa, ya ce, "Ke mai daddawa ce. Kada ki manta."

Muka zauna a haka, kai a gwiwa, ban san iya tsawon lokacin ba. Sai muka ji motoci suna tashi. Wani soja ya biyo layi a ƙasa yana buga bayan motoci yana cewa a tafi. Da muka isa wurin sai ga wata babbar mota ɗauke da buhunan masara ta karkata gefe, tayarta ta tarwatse. Ita ce ƙarar. Sojojin rakiya sun ɗauka farmaki ne, suka buɗe wuta cikin daji, ba kowa a ciki.

Motarmu ta kaure da hamdala. Matar baya tana dariya tana kuka, dattijon nan ya raba goro. Malam Ishaya bai yi dariya ba. Ya ce, "Malama, ki yafe mini." Na so in zazzaga masa abin da ke cikina, kun san halina, amma da wane laifi zan kama shi? Da abin gaske ne, in bai goge ba da yanzu ina cikin daji ana ce mini likita, tunda ya goge kuwa da ina gida ina yi masa addu'a har in mutu. Bai yi kuskure ba. Malam Audu bai yi ba, Malama Safiya ba ta yi ba. Na duba ko'ina ban sami wanda zan yi fushi da shi ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Wayar tana hannuna tana tambayata da wane harshe nake so ta yi mini magana.

Washegari na hau tudun bayan gari inda ake samun sabis, na tarar da mutane tsaye kowa ya ɗaga waya sama. Na yi ta gwadawa har rana ta ƙona ni. Shafin ya buɗe rabi, na ga sunan bidiyon da idona, na danna, 'yar da'irar nan ta yi ta juyawa. Na koma washegari, da wanda ya biyo. Na roƙi wani direba ya kai wayata Kaduna a sauke mini, ya ce, "Malama, abin da kika kasa ɗaukowa ni zan ɗauko?" Na yi wa maigidana zancen komawa, ya tashi ya bar mini ɗakin. Ga jarrabawa ta matso, rakiya kuma ba kullum ba.

Ranar da na koma aji na tarar yara sun yi shiri. Sun aro talabijin daga gidan kallon ƙwallo, da batirin mota, da wata igiya da aka ce tana haɗa waya da allo. Sun toshe tagogi da zannuwa don hoto ya fito. Har 'yan wani ajin sun shigo sun tsaya a bango. Talatu ta baro kujerarta ta baya, ta dawo layin farko, ta buɗe littafi ta riƙe biro. Maman Talatu ma ta bar kaskonta ta leƙo ta ƙofa.

Na gaya musu abin da ya faru, ban rage komai ba. Ba wanda ya yi mamaki, ba wanda ya tambayi dalili, dukansu sun san wankin waya, wasunsu su ke yi wa iyayensu. Wani yaro ya ce, "Sannu, Malama, Allah ya tsare gaba." Suka fara kwance zannuwa daga taga.

Na ce su tsaya, darasi bai ƙare ba. Na fito da kofin gilashi daga jakata, da zoɓon da na jiƙa tun safe, da ruwan kanwa, da lemon tsami. Na ce su lura da kyau, na jarrabawa bai kai wannan ƙarfi ba, ɗan juyi ne kaɗan, ni na gan shi, ɗigo ɗaya ne, sai ka ga ja ya zo ya tafi, ya zo ya tafi, sai ya zo ya zauna. Ina magana ina nuni da hannu, ina jin muryata tana faɗin abin da ta faɗa bara.

Talatu ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malama, ja kamar yaya?"

Na duba ajin ko zan ga wani abu mai irin launin, hijabi ko murfin biro ko bangon littafi. Babu. Na ce, "Za ki gane shi in kin gan shi."

Ta dube ni, ta ce, "To, Malama." Ta rufe littafin ba ta rubuta komai ba. Da na waiwaya ƙofa, uwarta ta riga ta koma wurin kaskonta.